Kafaɗar da Na Ce Ta Warke

Iyaye da 'yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Ni ne Ishaya kafinta, mai rufin kwano, daga Badariya. Ina roƙo kada kowa ya yi mini guɗa yau, ku dai saurare ni.

Da yawanku kun tuna ranar da na tsaya a nan na ɗaga hannun dama sama, na ce Ubangiji ya warkar mini da ciwon kafaɗa. Mata suka yi guɗa, aka buga ganga. Abin da na ɓoye muku shi ne, a makon da dattawa suka yi mini addu'a na je kemis an yi mini allurar kashe zafi. Ciwon ya lafa, ni kuwa na rugo na ba da shaida. Ina son a yabe ni, wannan halina ne tun ina yaro.

Bayan kwana huɗu ciwon ya dawo, kuma bai dawo shi kaɗai ba. Kafaɗar ta kumbura, in ka taɓa ta sai ka ji zafi rau. Zazzaɓi ya biyo baya. Sa riga ya zama aiki.

Matata Hannatu ta ce, “Baban Rahila, wannan ya wuce man zafi. Mu je asibiti.”

Na daka mata tsawa. “In je in ce me? Nas nawa ne 'yan cocinmu a can? Su gan ni a layi riƙe da kati, bayan na ce na warke? Kina so a ce Allah ya yi rabin aiki?”

Tana hawaye ta gasa mini wurin da ruwan zafi.

Kaito! Wata biyu na yi a haka. Ran Lahadi sai in haɗiye ƙwaya a bakin ƙofar coci don in iya tafa hannu. In an tashi, 'yan'uwa su zo su dafa ni daidai kan ciwon, suna cewa, “Ga wanda Allah ya taɓa!” Ina murmushi, idona na ganin duhu.

Ana nan sai na samu aikin rufin wani sito na shinkafa a Argungu. Ina can sama da rana tsaka, na ɗaga guduma, hannun ya mutu mini. Gudumar ta suɓuce ta faɗi dab da kan Malam Umaru, maginin da muka shekara goma muna aiki tare. Saura ƙiris in kashe mai 'ya'ya bakwai.

Bai zage ni ba. Ya sa aka sauko da ni, ya buɗe mini riga, ya yi salati.

“Ishaya, mi as same ka? Wagga kahwaɗa ruwa ta tara. Wanga ba ciwon zama gida ba na.”

Na ce masa an riga an yi mini addu'a.

Ya ce, “To, madalla. Shi wanda ka roƙa, shi yah hana ka zuwa wurin likita? Tashi mu tai.”

Na ce ya ba ni minti biyar. Na zagaya bayan ginin, na durƙusa kusa da tarin bulo, na fashe da kuka. Na ce, “Ya Ubangiji, na ɗauka sunanka nake karewa, ashe nawa ne. Na yi ƙarya a gidanka. Ka gafarta mini, ka bar mini hannun nan ko yaya yake.” Ban ji wata murya ba. Amma kunyar da ta ɗaure ni wata biyu ta sake ni nan take, na tashi na bi Malam Umaru tasha.

A asibiti nan Birnin Kebbi aka tarar mugunya ta cika gaɓar, ta fara cin ƙashi, ga ciwon suga da ban san ina da shi ba. Aka yi mini aiki. Likita ya ce da na zo tun farkon kumburin, da abin ya zo da sauƙi. Da kuma na ƙara mako guda, da ba maganar hannu kaɗai ake yi ba. Ya ce in gaya wa mutane: ciwon kafaɗar da ya ƙi tafiya bayan mako biyu, ko ya zo da kumburi da zazzaɓi, ko hannu ya kasa ɗaguwa, ba a jira da shi. Wanda kuma ya zo da nauyin ƙirji da gumi, ko awa ɗaya kada a ƙara.

Nas ɗin da na fi gudu, 'yar zumuntar matan cocinmu, ita ta riƙa wanke mini ciwon. Ko sau ɗaya ba ta tuna mini da shaidata ba.

Ga hannun, ku gani. Iyakarsa ke nan, ba ya wuce ƙirji. Ni da hawa rufi har abada. Benci nake haɗawa yanzu a ƙofar gida, wani lokaci in ji ƙarar guduma a kan kwano daga nesa, zuciyata ta ɓaci. Duk da haka ina da rai, hannun kuma yana jikina. Na gode wa Allah!

Abin da ya tsayar da ni yau shi ne wannan. Jiya Hannatu ta gaya mini akwai wata uwa a cikinmu, mai ciwo irin nawa, da ta yaga katinta na asibiti ranar da ta ji shaidata ta farko. Har yau ba ta koma asibiti ba, tana jiran ta warke kamar yadda na ce na warke.

Mama, ba zan kira sunanki ba, amma ina ganinki. Ni na ɓatar da ke, ki yafe mini. Ki dogara ga Yesu, ku ma duka ku dogara gare shi, ba ya jin kunyar mai ciwo. Gobe da ƙarfe bakwai ni da Hannatu muna ƙofar gidanki, tare za mu bi layin.

Yabo ya tabbata ga Ubangiji. Amin.