Murhun Gilashi da Tuwon Dawa

Ranar kasuwar Dutsin-Ma ina zaune a bencin wani mai sayar da murhun gas, na ji sun daidaita da wata dattijuwa daga Makera. Za ta ba shi tsohon murhunta na ƙarfe ta cika kuɗi, ya ba ta sabo mai saman gilashi.

"To Hajiya, Allah ya sa albarka. Miƙo tsohon."

"Dakata, Alhaji. Wannan rawar jikin fa? Me za ka yi da tsohon ƙarfe duk tsatsa?"

"Taimakonki nake. Sabon nan kina goge shi har fuskarki za ki gani."

"Fuskata na san ta. Tuwon mutum goma sha huɗu nake tuƙawa kullum. Zai ɗauki tukunyata?"

"Zai ɗauka mana, in an bi shi a hankali."

"Ka taɓa ganin an tuƙa tuwon dawa a hankali? Gidanka da wanne ake girki?"

"Da irinsa... a da dai."

"A da?"

"Ai maiɗakina ce hannunta da nauyi. Biyu ta tsaga wajen tuƙi, yanzu ta ce in ba na ƙarfe ba..."

"Af! Ashe nawa za ka kai mata, ni in kwashi mai tsagewa." Ta mayar da murhunta cikin buhu. "Ka gaishe ta, ka ce na gode."

Hajiya ta tafi da kuɗinta da murhunta. Shi kuwa Alhaji ya rasa ciniki, kuma yau ma da itace za a yi masa tuwo.