Roka Mai Murmushi a Kan Hatimi

A bencin jira na kotun gunduma, Wendell, direban motar makaranta, ya rungume jakar kayansa, da wata takarda a hannunsa. Tsohuwar da ke gefensa ta dube shi.

"Malam, tafiya za ka yi, ko kwana ka zo yi a kotu?"

"Kaina na kawo, Iya. Ranar Asabar na harba rokar wasa, alhali iska ta wuce mil ashirin a awa. An rubuto cewa na karya doka. In aka rubuta ni mai laifi, ni da tuƙa yara har abada."

"Miƙo in gani." Ta gyara tabarau. "Hatimin nan na wane ne?"

"Na hukuma mana."

"Wace hukuma ce ke zana roka tana murmushi? Shekara talatin na yi ina buga takardun kotun nan. Ƙungiyarku ta masu harba rokar wasa ce ta rubuto. Ƙa'idarsu ba dokar jiha ba ce, sai in jiha ta kwafe ta cikin dokokin gobara."

"In ta kwafe fa?"

"Da jami'in kashe gobara ne zai neme ka, ba Darlene sakatariyar ƙungiya da ta sa hannu a nan ba. Ya neme ka?"

"Shi ya ƙirga mini uku, biyu, ɗaya, na harba."

Ta yi dariya har da tari. "To karanta layin ƙarshe."

"An dakatar da ni daga ƙungiya wata guda."

Wendell ya sauke dogon numfashi. Ya buɗe jakar, ya ciro burodi da cuku, ya raba biyu.

"Taya ni ci, Iya. Guzurin kurkuku ne."