Zumar Lord Hensworth

A zauren benen Hensworth da ke unguwar Al Mirƙab a wata ƙasar Larabawa, Larai, sabuwar nas daga Kafanchan, tana zaune rungume da galan ɗin zuma. Wani ma'aikacin gidan ya ji ta gama waya da Hausa, ya tsaya.

"Baiwar Allah, wa kike jira?"

"Mai gidan, Lord Hensworth. Yayana Absalom ne mai gyaran lif a nan, ya rasu bara. Mama ta ce in kawo masa wannan."

"Allah ya ba ku haƙuri. Amma babu wani Lord a nan. Sunan wasu sarakunan Ingila ne kamfani ya ɗauko ya liƙa, har otal da kanti. Ba wanda ya taɓa ganinsu."

"Haba Malam! Shi ya rubuto mana ta'aziyya. Fasto ya karanta a coci. Cikin Littafi Mai Tsarki Mama take ajiye wasiƙar."

"To, ai ba a tura gawa gida babu ko takarda. Mutumin da ya shekara shida yana rera waƙar coci a ramin lif..."

Larai ta ɗago ta dube shi. Zancen waƙar nan yana cikin wasiƙar.

"Malam, yaya sunanka?"

"Sunusi." Ya sunkuyar da kai. "Na ga in sunana ne a ƙasan wasiƙar, ba zai sanyaya wa Mama rai ba."

Ta miƙa masa galan ɗin da hannu biyu.

"Me za ki gaya wa Mama?"

"Zan ce mai wasiƙar ya karɓa."