Ladar Fasuma a Kotonu

A rumfar mai atamfa, cikin kasuwar Maraɗi, wata Hajiya ta taɓa matar da ke zaɓen zane kusa da ita.

"Baiwar Allah, duba mini wannan turmin. Ya yi ma Fasuma, mai renon yarana?"

"Ya yi kyau, Hajiya. Kyauta ce?"

"Ladarta ce. Hutu muka je Kotonu da ita, kwana goma sha biyu. Muna dawowa Fasuma ta buɗe baki, wai tana son jikka ashirin na sefa bayan albashinta!"

"Ikon Allah! Yara nawa ta riƙe?"

"Huɗu kawai, sai tagwayen da nake yaye."

"Shida ke nan, Hajiya! Ita ba ta da nata?"

"Uku, suna can ƙauyensu, Jiratawa. Ta biya maƙwabciyarta jikka goma ta kula da su. Wannan ruwanta ne."

"Innalillahi! Ashe da kuɗinta ta je yi muku aiki!"

"Haba, baiwar Allah! Kuɗin mota ni, abinci ni, ɗaki mai sanyi ni. Mata nawa ne a ƙauyensu za su mutu ba su ga teku ba? Ni na kai ta garin teku!"

"To, mi ta ce da ta gan shi?"

Hajiya ta juya turmin a hannu.

"Ba ta je ba. In ta je, wa zai riƙe tagwayen?"