Reshen Da Na Cire Da Hannuna

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni direban Keke Napep ne a nan Kontagora, a taimaka a sakaya sunana.

A hanyar Rijau akwai wani rami da muka ajiye wa tsohuwar taya a gabansa, muka soka reshen dogon yaro don mai tahowa ya kauce. Bara masu gyara suka zo suka cika shi da jar ƙasa, suka shafa kwalta a kai. Ni da hannuna na cire reshen, na gangarar da tayar gefe.

Da damina ta sauka facin ya zurma, ruwa ya rufe wurin. Ran nan na ɗauko Mama Saratu, wata dattijuwa mai sayar da daddawa da na saba kaiwa kasuwa. Muna isowa ta ce, "Ɗana, ina ganyen nan?" Na ce, "An gyara, Mama." Ban rufe baki ba muka afka. Keken ya kife, ƙafar gaba ta karye. Mama Saratu kuwa ta ji mummunan rauni, kwananta uku a asibiti ta cika.

Na je ofishin masu gyaran hanya neman diyyar kekena, aka ce in kawo hoton ramin, alhali sun sake cike shi da ƙasar nan.

Jama'a ku ba ni shawara. In ci gaba da bin diyyar? Kuma in gaya wa 'ya'yanta wanda ya cire reshen? Kullum da safe nakan kafa sabon reshe a wurin, amma duk na wuce sai na ji tana tambayata.