Kwanon Ƙarfen da Kawu Ndive Ya Tsare

Enanga: Alo, Kawu Ndive? Ina wuni?

Ndive: Enanga 'yar ƙanwata, ta ofishin masu gadin dutse. Lafiya lau. Ya Buea, ya ruwa?

Enanga: Ruwa ya yi gyara. Ya ƙafar? Ya gwaza?

Ndive: Ƙafa na nan tana gardama. Gwaza ya yi kyau, gonar ma ta matso gida. Da taku arba'in nake yi, yanzu talatin da bakwai. Allah ya dubi tsufana.

Enanga: Kawu, bar wasa. Sunayen ƙauyukan da za a tasa daga jikin dutse saboda zamewar ƙasa sun fito. Babu naku.

Ndive: Babu? Bangon cocinmu fa ya tsage, kaza na shiga ta fita ba ta sunkuya ba.

Enanga: Na faɗa musu. Suka ce tauraron ɗan'adam ba ya ƙarya. Duk kwana goma sha biyu yana wucewa, ya auna kwanon ƙarfen nan da muka kafa a saman gonarka. In ƙasa ta zame, kwano ya bi ta, tauraro ya gani. Naku shekara biyu yana wuri ɗaya.

Ndive: Ai dole. Ina raye zai gusa?

Enanga: Ban ji ba, layin na yankewa. Me ka ce?

Ndive: Na ce amana kuka ba ni. Ogan naku mai gilashi da bakinsa ya ce, "Baba, kada abin nan ya motsa." Ranar na auna da igiya daga baƙin dutsen da aman wuta ya bari zuwa kwanon, na yi ƙulli. Duk sanda ya sulale, in kira maza shida bayan coci, mu tone shi da simintinsa, mu mayar daidai ƙulli. Har madarar kwakwa nake ba su.

Enanga: Sau nawa?

Ndive: Tara. Kowane karo kamu guda, wani lokaci da ɗan ƙari. Ban faɗa miki ba don kada a ce kawunki ya kasa riƙon kwano.

Enanga: Kawu, sulalewar ce ake nema. Ita ce shaidarku.

Ndive: To. Kenan da na yi lalaci irin na maƙwabcina Lyonga, da mun tsira.

Enanga: Da kuna kan gaba a jerin sunayen.

Ndive: Mu sauko da shi yau, duka taran a haɗe?

Enanga: Su ce saniya ta ture. Sai dai a faro awo daga farko. Shekara biyu kuma. Filayen da za a mayar da mutane ma an riga an raba wa wasu.

Ndive: An sanar da dutsen ya jira?

Enanga: Ka zo Buea ka zauna wurina.

Ndive: Da gida sittin na ƙauyen nan? Da kabarin uwarki? Ɗakinki ko akuyata ba zai ɗauka ba. Af, jiya ma ya sake sulalewa, na riga na gayyaci mutane Lahadi.

Enanga: Kada wanda ya taɓa shi. Nawa ya yi wannan karon?

Ndive: Igiyar ba ta kai ba.

Enanga: Kawu, ku kwashe yara ku sauka yau, kafin ruwan yam…

Ndive: Alo? Enanga? Katinta ya ƙare. To, bari in je in ƙirga takun gonar.