Mai Sharhin Ƙwallon da Ke Cika Mana Sahu

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci ga Manzonsa. Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa da masu sauraro.

Ni limami ne a Makera. Shekara da shekaru, duk Asabar ma'aikatan masaƙar Kakuri kan kewaye rediyo a ƙofar masallacinmu suna sauraron ƙwallo. Ban taɓa damuwa ba, domin tsohon mai sharhinku, komai zafin wasa, yakan dakata ya ce, "Jama'ar Kaduna, la'asar ta yi." Nan take sahu ya cika. Maƙwabcinmu Baba Istifanus, mutumin Filato, shi ke tsare rediyon. In mun sallame sai ya ce, "Liman, addu'arku ba ta ci ba, an zura mana ɗaya."

Yanzu an ce mai sharhin nan ya koma koyarwa a jami'a, magajinsa kuwa ba ya dakatawa. Asabar da ta wuce, mutum uku kaɗai na ja salla.

Ku gaishe min da shi, ku roƙe shi ya koya wa ɗalibansa wannan ɗabi'a. Allah Ya albarkaci iliminsa, Ya tsare mana sallarmu da taku. Amin.